Idan Taɓin Hankali Ya Shiga Gidan Aure: A Hannun Wa Za a Damƙa Majinyaci?

 

Wata safiya a cikin damunar bara mun idar da sallar Asuba, jama'a sun watse, sai wani bawan Allah ya ci gaba da zama a sahun baya. Mun san shi, ɗan unguwa ne, tela ne, kuma ba mai yawan magana ba ne. Da masallaci ya yi tsit sai ya matso ya ce, "Allah gafarta Malam, iyalina ce ba lafiya, yau wata huɗu ke nan." Ta haihu lafiya, an yi suna lafiya. Ba a cika mako biyu ba barci ya ƙaurace wa idonta, ta fara cewa an musanya mata jariri, tana jin ana kiran sunanta ta bayan katanga. An kai ta wurin mai ruƙiyya, daga nan aka sake wani, har mutum biyar. Wani ya ce aljani ne ya aure ta. Wani ya ce sammu ne daga dangin miji, maganar da ta sa har zuwa ranar mahaifiyarsa da surukarsa ba sa gaisawa. Ya sayar da ɗaya daga cikin kekunan ɗinkinsa biyu. Abin da ya kawo shi kuwa shi ne mu nuna masa malami na shida.

Muka tambaye shi ko likita ya taɓa ganinta. Ya ɗago kai da mamaki ya ce, "Ai Malam, ba ciwon asibiti ba ne."

Wannan jimla mun ji ta fiye da yadda za mu iya ƙirgawa, daga bakin maza da mata, masu boko da waɗanda ba su yi ba. Ba mu ga laifin telan ba, domin abin da ya tashi ya tarar ke nan. Kuma kada a yi mana mummunar fahimta: mun yi imani da samuwar aljanu, mun yi imani sihiri da kambun baka gaskiya ne, ruƙiyya da Alƙur'ani da addu'o'in da suka tabbata sunna ce. Abin da muke tambaya shi ne, wa ya yanke hukuncin cewa wannan ciwon na wannan baiwar Allah ba na asibiti ba ne, kuma da wane ilimi ya yanke? Ƙwaƙwalwa gaɓa ce kamar hanta da ƙoda, tana kamuwa da ciwo kamar yadda suke kamuwa. Magabatanmu sun san haka. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934 Miladiyya, ya rubuta littafi a kan gyaran jiki da na rai, ya yi bayanin baƙin ciki mai tsanani da tsoro da waswasi a matsayin cututtukan da ake yi wa magani. Asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284 yana da sashen masu taɓin hankali. Waɗannan mutane ba su fi mu ƙarancin imani da gaibu ba.

A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik an kawo labarin wani mutum da ya ji rauni a zamanin Annabi (SAW), aka kira mutum biyu daga ƙabilar Banu Anmar domin su duba shi, sai Manzon Allah ya tambaye su wanne ne ya fi sanin magani a cikinsu. Daga nan malamai irin su Ibnul Ƙayyim suka ciro cewa a kowane fanni ana neman wanda ya fi ƙwarewa ne. Abu Dawud da Nasa'i da Ibnu Majah kuma sun ruwaito hadisin da ya ɗora lamuni a kan duk wanda ya shiga yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilimin maganin ba. Ke nan zaɓen mai magani ba abin wasa ba ne a Shari'a. Ya fi nauyi a wannan babi, domin mai ciwon ƙafa shi zai zaɓi inda za a kai shi, mai taɓin hankali kuwa sau da yawa wani ne ke zaɓa masa. Wannan wani, a gidan aure, shi ne miji ko mata. Amana ce aka ɗora masa ta mutumin da ba zai iya kare kansa ba.

Farkon abin da ke rikita mutane shi ne suna. A Hausa muna cewa "likitan ƙwaƙwalwa" ga mutum uku mabambanta: mai yi wa ƙwaƙwalwa tiyata, da mai kula da cututtukan jijiyoyi irin su shanyewar ɓarin jiki, da kuma mai kula da lalurar hankali da tunani da ɗabi'a. Na ukun nan muke nufi. Cikakken likita ne wanda ya gama karatun likitanci, sannan ya ƙara wasu shekaru yana ƙwarewa a wannan fanni kaɗai. Shi ne ke da ikon tantance ciwo, ya rubuta magani, ya kwantar a asibiti. Bayansa akwai masanin halayyar ɗan Adam wanda ya ƙware a aikin asibiti, mai magani ta hanyar zama da tattaunawa. Wannan ba ya rubuta ƙwaya ko allura. Akwai ma'aikatan jinya da suka sami horo na musamman a kan masu wannan lalura, kuma a garuruwa da dama su ne ke riƙe da sashen gaba ɗaya. Sai kuma waɗanda suka cika Facebook da TikTok a 'yan shekarun nan da sunan masu ba da shawara a kan zamantakewa da damuwa. A cikinsu akwai masu kyakkyawar niyya, amma wanda ya yi kwas na mako shida ba shi ne za a miƙa wa matar da ke jin muryoyi ba.

Idan ciwon mai tsanani ne, wato mutum yana gani ko jin abin da babu shi, ko ya kafe a kan zargin da ba shi da tushe, ko ya yi kwanaki ba barci yana ta surutu da rabon dukiya, ko ya daina ci da wanka da magana, ko ya fara ambaton kashe kansa, to ƙofar farko ita ce ta likita. Dalili kuwa, abubuwa da yawa suna zuwa da kamar hauka alhali asalinsu a jiki yake: zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, sanƙarau, taifod mai tsanani, faɗuwar sukari a jini, rikicewar halittar nan ta wuya da ke kawo maƙoƙo, wasu nau'o'in farfaɗiya, da shan wiwi ko wasu ƙwayoyi. Wanda bai iya auna zafin jiki da gwajin jini ba, ba shi da hanyar rarrabe waɗannan, wasunsu kuwa suna kisa cikin kwanaki. Idan an kore su, sai likita ya duba wace lalura ce. Akwai sikizofireniya, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana kama kusan mutum 1 cikin 300. Akwai ciwon da ke sa mutum ya yi sama da zumuɗi na makonni sannan ya faɗo cikin baƙin ciki, wanda likitoci ke kira baifola. Akwai ciwon damuwa mai tsanani. Akwai kuma irin na matar telanmu, taɓin hankalin da ke biyo bayan haihuwa, wanda ke samun mace 1 zuwa 2 cikin kowace haihuwa 1,000, yawanci a makonni biyun farko na jego. Wannan na ƙarshe gaggawa yake buƙata saboda rayuwar uwa da ta jariri, kuma yana cikin waɗanda suka fi jin magani. Kowanne da maganinsa. Maganin damuwa da aka ba mai baifola shi kaɗai yana iya tayar masa da ciwon. Shi ya sa sayen ƙwaya a kemis bisa kwatancen maƙwabci haɗari ne.

Ba za mu ɓoye cewa likitocin sun yi ƙaranci ba. Ƙwararru a wannan fanni a Najeriya ba su kai 300 ba, ga al'ummar da ta haura miliyan 200, wasu kuma kullum ficewa suke yi zuwa ƙasashen waje. Duk da haka wuraren zuwa suna nan. A Kano akwai asibitin Dawanau da sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. A Kaduna akwai asibitin tarayya na Barnawa, a Sakkwato akwai na Kware, akwai na Maiduguri, ga asibitocin koyarwa na Shika da Jos. 'Yan'uwanmu na Nijar suna da sashen a Babban Asibitin Ƙasa na Yamai. Wanda yake nesa da waɗannan ya fara da babban asibitin da ya fi kusa da shi, ya nemi a rubuta masa takardar turawa. Hanyar da mutane da yawa ke bi, kuma tana da kyau, ita ce a ga ƙwararre a birni ya tantance ciwo ya tsara magani, sannan a riƙa karɓar maganin ko allurar wata-wata a kusa da gida, ana komawa wurinsa lokaci-lokaci. Idan asibitin kuɗi za a je, babu rashin ladabi a tambayi ko likitan yana da rajista da hukumar MDCN mai kula da likitoci, kuma ko a wannan fannin ya ƙware. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan tambaya.

To, an je an yanki kati an shiga. Ta yaya za a gane an dace?

A iya abin da muka gani wajen raka mutane da sauraron labarinsu, ana gane likitan kirki ne tun daga tambayoyinsa. Zai so ya ji yaushe abin ya fara, me ya gabace shi, yaya barci, yaya ci, ko an taɓa yin irinsa a dangi, me aka riga aka sha, har da jiƙe-jiƙe da hayaƙi. A nan sai mu ja kunnen masu raka majinyaci: ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mijin da ya ɓoye cewa ƙanwar matarsa ta taɓa irin wannan ciwon, ko matar da ta rufe cewa maigidanta yana shaye-shaye don kada a ji, sun ɓatar da likita ne da hannunsu. Yana da kyau a rubuto abubuwan da aka lura da su a takarda tun daga gida, da ranakunsu, domin layi yana da tsawo, lokacin ganin likita kuwa gajere ne.

Sannan a lura da yadda yake kallon majinyacin. Akwai mai yin magana da ɗan rakiya kaɗai, kamar wanda ke zaune a gabansa kaya ne aka ajiye. Wanda ya dace zai gaishe da mara lafiya da sunansa, ya saurare shi ko da maganar ba ta kan hanya, sannan ya juyo ga iyali. Zai faɗi abin da yake zato da harshen da za a gane, idan kuma bai tabbatar ba ya ce yana buƙatar lokaci. Zai faɗi sunan maganin, da abin da ake sa ran zai yi, da tsawon lokacin da zai ɗauka kafin a ga canji, da illolin da za a iya gani, da ranar dawowa. Ba zai yi alƙawarin warkewa cikin kwana kaza ba. Kuma yana ɗaukar miji ko mata a matsayin abokin aiki, domin likita minti ashirin yake ganin majinyaci a wata, mai ɗaki kuwa shi ya san inda yake masa yoyo. Wannan ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. Tun a 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro ta Abeokuta inda majinyata ke zama a ƙauyukan da ke kewaye da asibiti tare da danginsu, ana yi musu magani ba a raba su da mutanensu ba, tsarin da ya yi suna a duniya.

Akwai tambayoyin da suka keɓanci ma'aurata, waɗanda kunya ke hana yi, kuma rashin yin su ne ke sa a watsar da magani a ɓoye. Wasu magungunan suna rage sha'awa ko su raunana namiji. Wasu, irin su risperidone, suna iya rikita al'adar mace ko su kawo ruwan nono ba tare da haihuwa ba. Olanzapine yana sa ƙiba kuma yana iya tayar da sukari. Tsofaffin magunguna irin su haloperidol suna iya kawo sanƙarewar jiki da karkarwa da dalalar yawu, har dangi su ce ai asibiti ya ƙara lalata shi. Kusan duk waɗannan suna da gyara, ko a rage, ko a sauya, ko a ƙara wani, amma sai an faɗa. Mafi girma ita ce maganar ciki da shayarwa. Maganin valproate, wanda ake ba masu baifola da masu farfaɗiya, yana iya nakasa ɗan tayi, don haka duk matar da ke cikin shekarun haihuwa dole a yi wannan magana da ita da mijinta kafin a fara. Likitan da ba a iya yi masa irin waɗannan tambayoyi, ko yake kawar da su da hannu, bai dace da ma'aurata ba ko da takardunsa sun cika bango.

Haka nan azumi. Mai shan lithium yana cikin haɗari idan ruwan jikinsa ya ƙone, musamman a azumin bazara, kuma raguwar barci a Ramadan tana iya tayar da ciwon mai baifola. Allah Ya yi wa mara lafiya rangwame ya sha ya rama, wanda hankalinsa ya gushe kuwa an ɗauke masa alƙalami gaba ɗaya har ya dawo hayyacinsa. Abin da ake buƙata shi ne a zauna da likita tun cikin Sha'aban, ya faɗi ko azumin zai yiwu da yadda za a mayar da shan magani tsakanin buɗa-baki da sahur, sannan malami ya faɗi hukunci a kan bayanin likita. Mun sha ganin an yi akasin haka: malami ya ba da fatawa bai san maganin ba, bayan Sallah a koma asibiti da majinyaci a ɗaure.

Ana yawan tambayarmu ko dole sai likita Musulmi, kuma ko namiji zai iya duba matar aure. Majalisar Fiƙihu ta Duniya, a zamanta na 1993 a ƙasar Burunai, ta jera abin kamar haka: a fara neman ƙwararriyar likita Musulma, in babu sai wadda ba Musulma ba amintacciya, in babu sai likita namiji Musulmi, in babu sai wanda ba Musulmi ba, tare da kauce wa keɓewa. A inda ƙwararrun ba su kai 300 ba, wanda ya ce zai jira sai ya sami mace Musulma Bahaushiya yana iya jira har ciwo ya yi nisa. Manzon Allah (SAW) ya ɗauki Abdullahi bin Uraiƙiɗ ɗan jagora a tafiyar Hijira alhali yana kan addinin mutanensa, saboda ya san hanya kuma amintacce ne. Abin da ba za a yi sassauci a kansa ba shi ne mutunta addinin majinyaci. Likitan da ke yi wa salla da addu'a izgili a bar shi. Wanda kuma ya san bambancin mai tsayuwar dare don ibada da wanda ciwo ya hana barci, ko bambancin tsentseni da waswasin da ke sa mutum maimaita alwala sau talatin, wannan an yi babban dace. Harshe ma abin dubawa ne, domin wannan fanni da magana ake gane ciwo. Idan likitan ba ya jin Hausa a nemi ma'aikacin asibitin ya yi tafinta, kada a sa ɗan majinyaciya ya fassara sirrin mahaifiyarsa.

A nan akwai wani abu da maza ba sa son ji. Wani lokaci likita zai nemi miji ya ɗan fita. Ba raini ba ne. Akwai abin da mace ba za ta faɗa a gaban mijinta ba, kamar tunanin cutar da kanta ko jaririnta, ko kuma abin da shi mijin yake yi mata. Maganin keɓewa shi ne a nemi ma'aikaciyar jinya mace ta zauna a ciki, ba a ce sai dai a fasa ba.

Shi kuwa mai magani ta hanyar tattaunawa, lokacinsa yana zuwa ne idan ƙura ta lafa. Aikinsa ba nasiha ba ce irin tamu ta kan mumbari. Yana koya wa majinyaci gane alamomin da ke gabatar tashin ciwonsa, da yadda zai yi da muryoyi ko munanan tunani, da yadda zai koma sana'a da mutane. Yana kuma zama da iyali, kuma bincike ya daɗe da tabbatar da cewa gidan da ake yawan faɗa da gori da sa ido mai tsanani ciwon ya fi saurin dawowa a cikinsa, gidan da aka ilimantar kuwa yana raguwa. Hanya mafi aminci ta samunsa ita ce likitan da ke duba majinyacin ya tura, domin su riƙa aiki tare. A tambaye shi ko ya saba da masu irin wannan ciwon, zama nawa yake ganin za a yi, me ake son cimmawa, nawa ne kuɗin. Duk wanda ya ce a ajiye magani tattaunawa ta isa, a ɗauki takalmi.

Wannan ma'aunin shi za a ɗora wa mai ruƙiyya. Na kirki yana karanta abin da ake ji ake ganewa, ba ya keɓewa da matar mutane, ba ya duka, ba ya ambaton sunan wanda ya yi sammu, ba ya ba da garin da ba a san mene ne ba, kuma ba ya cewa a daina maganin asibiti. Mafi alheri ma miji ya yi wa matarsa da kansa, mata ta yi wa mijinta, domin babu wanda ya fi su son a warke. Dukan mara lafiya da sunan dukan aljani kuwa, jikin da ke kumbura na ɗan Adam ne. Ba mu manta da watan Satumba na 2019 ba, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu da mari a ƙafa da tabon bulala, sannan aka sake gano irinsa a Daura bayan 'yan makonni. Waɗanda suka kai su can iyaye ne da dangi masu neman gyara. A watan Janairun 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma tabbatar wa majinyaci haƙƙin a mutunta shi, a tsare sirrinsa, kada a azabtar da shi. Shari'a ta riga ta ba shi wannan tun tuni.

Idan an sami wanda ya dace, sai haƙuri. Magungunan nan sukan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin a ga cikakken aikinsu, wani lokaci sai an gwada na biyu ko na uku. Yawo daga wannan likita zuwa wancan duk mako biyu ba ya haifar da komai sai tarin ƙwayoyi. Amma idan watanni sun shuɗe ba canji ba bayani, ko illoli sun yi yawa ba a saurara, neman ganin wani likitan haƙƙi ne; a tafi da takardun baya da kwalayen magungunan. Babban ramin da ake faɗawa shi ne na samun sauƙi: mutum ya dawo daidai, dangi su ce ai ya warke, a daina magani. Mafi yawan masu sikizofireniya da suka daina magani ciwon yana dawo musu cikin shekara ɗaya zuwa biyu. Likita ne ya fara, shi ne zai ce a rage.

Duk abin da muka faɗa ya fi sauƙi idan mace ce ba lafiya, domin miji yana da iko da kuɗi da abin hawa. Idan maigida ne ya kamu, matar tana shiga tsaka mai wuya. Ita ta fi kowa sanin halin da ake ciki, ita ce kuma ba a jin maganarta. In ta ce asibiti, dangin miji su ce tana son tona masa asiri, wasu ma su ce ita ta yi masa. Shawararmu gare ki, 'yar'uwa, ki nemi mutum ɗaya a danginsa wanda yake jin nauyinsa, wa ko kawu ko amini, ki zayyana masa abin da kike gani dalla-dalla. In babu, ki aiko wa limamin unguwa. Wannan yana cikin aikinmu. Sau da yawa mutumin da ya ƙi a ce masa mahaukaci yana yarda a kai shi ganin likita saboda rashin barci, kuma ba ƙarya aka yi masa ba. Idan ya fara ɗaukar makami, ko barazana gare ki da yara, ko maganar kashe kansa, a ɓoye wuƙaƙe da maganin ƙwari da tarin ƙwayoyi, a tara maza a kai shi asibiti a ranar. Ficewarki da yara zuwa inda za ku tsira a irin wannan hali ba yaji ba ne.

Sakin da mutum ya furta hankalinsa a gushe ba ya aukuwa, amma ba a cikin ɗaki ake yanke wannan ba, a je gaban alƙali ko malami masani da bayanin likita. Malaman Malikiyya sun lissafa hauka cikin aibobin da ke ba da zaɓin rabuwa, sai dai sun ce idan ana fatan warkewa a jinkirta shekara guda domin neman magani. Mu lura da wannan shekarar. Sun ba da ita ne don a nemi magani na gaske, ba don a kulle mutum a ɗaki ana ƙirga watanni ba. Wanda ya zauna ya yi jinya yana da lada mai girma, wanda kuma ya kasa bayan ya yi iya ƙoƙarinsa Shari'a ba ta rufe masa ƙofa ba, kuma bai kamata unguwa ta rufe masa ba.

Telanmu bai karɓi maganarmu a ranar ba. Sai da muka je muka sami surukinsa, dattijo mai fahimta, shi ya ba da umarni. An kwantar da ita mako uku, mahaifiyarta na jinyarta. Likitar da ta duba ta ta zaɓi maganin da za ta iya ci gaba da shayarwa da shi, ta kuma ce masa ya ci gaba da yi mata tofinsa safe da yamma. Cikin wata na biyu ta karɓi ɗanta ta goya. Mahaifiyarsa da surukarsa sun gaisa a ranar da aka sallamo ta, ko da yake an ce gaisuwar ba ta yi tsawo ba.

Kwanakin baya ya sake tsayawa bayan Asuba. Likitar ta gaya musu cewa matar da ta taɓa wannan ciwon yana iya dawo mata a haihuwa ta gaba, don haka su ba da tazara, kuma in ciki ya samu su zo tun da wuri a tsara yadda za a tare shi. Ya zo tambayar hukuncin tazarar ne. Muka ce masa ya halatta, tun da lalura ce tabbatacciya kuma sun yarda su biyun. Ya zaro katin asibitin daga aljihu ya nuna mana ranar komawarsu, Talata ta sama, ya ce zai rufe shago da wuri ranar Litinin domin su yi sammako su sami layi.